Ruwa Bai Shigo Layinmu Ba

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 4:20 na yamma

Inci ashirin da shida. Na auna sau biyu da tef ɗin Baba, a bayan wadirof, inda nake aunawa tun ina aji biyar a sakandare. Ruwan ya fara shigowa jiya Lahadi da ƙarfe 2:35 na rana, ya daina hauhawa 4:50, bai gama fita ba sai bayan magariba. Bai taɓa kaiwa haka ba. Na bara ashirin da biyu ne.

Yau tun da sassafe matan layi suka fito wankan bango. Haka muke kiran abin a Layin Gangare. Duk ranar da ruwa ya janye, sai a kwaɓa farar ƙasa a bokiti, a bi gidaje goma sha ɗayan nan a shafe tabon da ya bari a jikin bangon waje, kafin wani baƙo ya wuce ya gani. Inna Hafsatu ta gida na uku ce ke raba burushi, ita ce kuma ke bin aikin kowa tana dubawa.

Ta ce mini, “Ke Aziza, digirin naki ba ya riƙe burushi ne?”

Na ce, “Inna, wai wa muke ɓoye wa? Duk Kaduna an san ruwa na shigo mana.”

Ta ce, “A sani da baki, wannan ba komai. A rubuta ne ba ma so. Shafa nan, kin bar wuri.”

Na shafa.

Baba, da yake kafinta ne, ya riga ya fara karɓar aikin ƙofofi. Duk shekara ana ƙara wa dokin ƙofa tsawo don tare ruwa, shi kuma ya yanke ƙasan ƙofar ta dace. Tamu yanzu ƙafa biyar da inci biyu ce. Yaya Rilwanu ya buga goshi sau biyu yau, ya ce nan da shekara uku da rarrafe za mu riƙa shiga gidan ubanmu.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe 1:05 na rana

Ina jin na yi daidai.

Mutum uku suka zo da ƙarfe 10:40, da riguna masu aljihu da yawa, suka ce daga kwamitin duba ambaliya suke. Mai unguwa Gambo ya zagaya da su. Kowane gida amsa ɗaya: “Ruwa? A’a, sai dai a tsakar layi, shi ma bai kai idon sawu ba.” Umma ma haka ta faɗa, alhali katifarta na shanye a kan igiya a bayanta. Ta ce jikanta ne ya yi fitsari. Umma ba ta da jika.

Da suka tafi sai na ɗauki littafina na zaga ta bayan masallaci, na cim musu a kan gada. Na nuna wa babbansu. Damina takwas, mafi tsawon ruwa a kowace: inci 5, 7, 6, 4, sannan 17, 19, 22, 26. Na nuna masa alamar tauraro a kan waɗanda ban gani da idona ba, na lokacin da nake makaranta a Zariya, waɗanda sai ƙarshen mako nake zuwa in auna tabon. Na nuna masa shafi na uku, inda na rubuta cewa tsakanin 4 da 17 ne aka gina katangar sabon rukunin gidajen nan na sama da mu, wadda ta ci bakin rafi ta gefen gabas, ta turo ruwan gefenmu. Faɗin rafin a wurin a da taku goma sha huɗu ne. Yanzu shida.

Ya ce, “Ikon Allah. Ke kika yi duk wannan?” Ya ɗauki hoton shafuka shidan da wayarsa. Ya miƙo fom, akwai wurin sunan mai ba da bayani. Na rubuta Aziza Datti, gida na biyar. Ban iya barin gurbi a fom ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Idan suka zo suka matsar da katangar, sai in faɗa.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 11:30 na safe

Dakta Isa, wanda ya duba kundina na digiri, ya kira. Yana so in mayar da babi na uku maƙala kafin a tura mu bautar ƙasa.

Kundin a kan ƙagaggun labaran sauyin yanayi ne, littattafai huɗu da a cikinsu ruwa ko fari ke cinye gari. Na karanta su ne da ra’ayin da ke cewa ɓarnar da mutum ke yi wa ƙasa da ruwa, daga danniyar da yake yi wa ɗan’uwansa mutum take tasowa, kuma ba za a gyara ɗaya a bar ɗaya ba. A shafi na 41 na rubuta cewa ruwan sama a kan kowa yake sauka, amma inda zai kwana mutane ne ke zaɓar masa. Dakta ya ja wa wannan layi biyu a ƙasa.

Yaya ya ji ina waya. Ya ce, “Farfesa, shekara biyar kina karatun ambaliya a littafi, ga ta kyauta a ɗakinki. Da kin tambaye ni da na ba ki digirin a kan gado.”

Na yi dariya. Na kusa faɗa masa.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe 5:00 na yamma

Mako ɗaya. Shiru. An yi ruwa sau biyu, bai shigo ba. Na rubuta shafi huɗu na maƙalar.

Litinin, 1 ga Satumba, ƙarfe 12:15 na rana

Sun dawo. Ba waɗancan ukun ba, wasu ne, da gwangwanin jan fenti da ’yan sanda biyu. Gida goma sha ɗaya, giciye goma sha ɗaya, a kan farar ƙasar da muka shafa. Ja yana fita sosai a kan fari.

Takardar da suka manna a ƙofarmu ta ce bincike ya tabbatar gidajen suna kan hanyar ruwa, zama a cikinsu hatsari ne ga rai. Kwana ashirin da ɗaya aka ba mu mu tashi. Wato 22 ga wata, Litinin. Akwai wata kalma a layi na huɗu, ba zan rubuta ta a nan ba.

Na karanta takardar sau biyar. Babu katanga a ciki.

Ni aka sa na fassara wa layi, don Turanci ce. Na tsaya a kan dakalinmu na karanta musu har ƙarshe. Ban san yadda aka yi ba.

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe 7:10 na safe

Saura kwana ashirin.

Laraba, 3 ga Satumba, ƙarfe 6:00 na yamma

Maza sun yi taro a ƙofar mai unguwa bayan la’asar. Yaya ya shigo yana huci.

“Wani ne ya yi magana. Shekara nawa suna zuwa suna komawa? Bana kaɗai suka tabbatar? Wallahi akwai munafuki a layin nan.”

Umma ta ce, “Rilwanu, bar rantsuwa a kan abin da ba ka gani ba.”

Ya ce ana zargin sabon ɗan hayan gida na tara, malamin firamaren nan, don shi ne bai san al’adar layi ba. Tun jiya ba a amsa masa sallama. Matarsa ta zo ɗibar ruwa a rijiyar Inna Hafsatu, aka ce mata guga ya tsinke.

Gugan bai tsinke ba. Na gan shi a rataye.

Baba ya ci gaba da cin abincinsa. Gidan nan shi ya gina shi da hannunsa shekara ashirin da bakwai da suka wuce, ɗaki ɗaya tukuna, sauran daga baya. Shagonsa a zaure yake. Takardar da yake da ita ta cinikin fili ce, mai sa hannun shaidu uku, biyu sun rasu. Takardar da aka manna ta ce masu takardar mallaka ne kawai za a saurara.

Na ci loma uku na tashi. Umma ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce e.

Juma’a, 5 ga Satumba, ƙarfe 3:40 na yamma

Baba ya je Katabu da safe ganin filin ƙanensa. Ya dawo ya ce fili ne dai, ciyawa da turakun siminti huɗu. Babu rijiya, babu wuta. Ya ce wa zai kawo wa kafinta aikin ƙofa a inda ba a fara gini ba.

Na buɗe maƙalar na rufe.

Akwai abin da na lura da shi yau, wanda ban gani ba duk shekarar da na yi ina rubuta kundin. A littattafan nan huɗu, kowanne akwai mai ajiye lissafi. Wani yana auna ruwa, wata tana rubuta ranakun da ba a yi ruwa ba. Ana yi musu dariya, sannan daga ƙarshe wani ya buɗe littafinsu ya ga gaskiya. Na yi shafi tara ina yabon waɗannan mutane. Ban taɓa tambayar wane ne mai buɗe littafin ba, da kuma shafi nawa ya ga dama ya karanta.

Lahadi, 7 ga Satumba, ƙarfe 8:00 na safe

Saura sha biyar. Gida na biyu sun fara kwance tagogi.

Na gaishe da malamin gida na tara a bakin gada. Ya tsaya ya dube ni kamar na ba shi kyauta. Da ma ban gaishe shi ba.

Talata, 9 ga Satumba, ƙarfe 5:25 na yamma

Mutum huɗu suka je ofishin kwamitin a Doka: mai unguwa, liman, Baba, da wani lauya ɗan’uwan matar mai unguwa. Sun fita ƙarfe takwas, sun dawo uku da rabi.

Ina wanke-wanke Baba ya shigo. Ya sunkuya ya wuce ƙofa, ya cire hula, ya zauna a kan bencin da bai gama gogewa ba. Umma ta kawo ruwa. Ya sha rabi.

Ya ce, “Aziza.”

Na ce, “Na’am, Baba.”

Ya ce, “Rubutunki ya fita da kyau a fayil ɗin.”

Shi ke nan. Ya shanye sauran ruwan ya tafi masallaci.

Umma ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta sake dubana. Ta ce, “Wane rubutu?” Na ci gaba da wanke-wanke. Ta zauna a ƙasa, a kan simintin da har yanzu bai bushe ba.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe 10:00 na safe

Kowa ya sani.

Laraba, ƙarfe 4:30 na yamma

Daga bakin Yaya na ji sauran, don shi ihu yake yi, ba ya ɓoye komai. Shafi uku ne a fayil ɗin: na huɗu, na biyar, na shida. Wato 17, 19, 22, 26, da ranaku da awoyi. Na ɗaya zuwa na uku babu. Duk abin da kwamitin ke da shi a kan layinmu ke nan, don sauran gidaje goma duk “bai shigo ba” suka ce.

“Shekara talatin tsofaffin nan suna rufa mana asiri da burushi, ke kin zo da biro rana ɗaya! Wa ya aike ki? Ni na tambaye ki, wa ya aike ki?”

Na ce, “Yaya, shida na ba su. Akwai katangar a shafi na uku.”

Ya ce, “Katangar wa? Kin san masu gidajen can? Ke a tunaninki mai jan fenti zai hau can sama ya shafa wa gidan da ke da mai gadi da kare? Farfesa! Wannan bai zo a littafin ba?”

Ya zo. Shafi na 44. Ni na rubuta shi.

An dawo amsa wa malamin gida na tara sallama. Wannan kaɗai ne.

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe 2:00 na rana

Ban fita ba. Baba yana amsa gaisuwata, yana cin abincin da na dafa. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Inna Hafsatu ta aiko da kwanon da Umma ta ba ta aro tun azumi. Wankakke, babu komai a ciki.

Saura sha ɗaya.

Juma’a, 12 ga Satumba, ƙarfe 5:50 na yamma

Mai unguwa Gambo ya zo da lauyan bayan an sauko daga masallaci. A zaure aka zauna, cikin ƙurar katako. Aka kira ni.

Mai unguwa ya ce, “’Yata, zauna. Ba faɗa muka zo yi ba. Mai ilimi ma yana tuntuɓe.”

Lauyan ya ce shawarar kwamitin a kan takarduna kaɗai ta tsaya. Idan mai takardun ta janye su, babu hujja, dole a dakatar a sake bincike, sake bincike kuwa yana iya cin shekaru. Ya tambayi abin da na karanta. Na faɗa masa. Ya tambayi kan me na yi kundi. Na faɗa masa. Sai ya buga cinyarsa.

“Ƙagaggun labarai! Alhamdu lillahi. Ai magana ta ƙare. Za ki yi takardar rantsuwa cewa lambobin nan ƙirƙirarsu kika yi don aikin makaranta, na labarin ambaliya, ma’aikacin ya ɗauka na gaske ne. Mu haɗa da shafin farko na kundin. Wa zai yi musu?”

Na ce, “Amma ba ƙirƙira ba ce.”

Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Idan na ce ƙarya ne, maganar katangar ma ta zama ƙarya.”

Mai unguwa ya ce, “Maganar katanga da ma wa ya ɗauke ta, ’yata?”

Na dubi Baba. Yana goge bakin kurfin sassaƙa da babban yatsa, kansa a ƙasa. Lauyan ya ce Talata ce rana ta ƙarshe da za a iya shigar da ita ta yi amfani.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe 9:15 na safe

Na jawo wadirof na zauna ina kallon bangon. Duk suna nan, layi a kan layi, kowanne da kwanan watansa da fensir. Na sake auna takwas ɗin. Na shekara ta uku ya fi abin da na rubuta da kwatan inci. Sauran daidai.

Asabar, ƙarfe 3:00 na yamma

Na kira Dakta Isa. Na ce masa wata ƙawata ce abin ya samu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Aziza, wannan ai babinki na uku ne ya tashi yana tafiya da ƙafarsa. Ki sa shi a maƙalar.” Na ce to me ƙawar tawa za ta yi? Ya ce shi malamin adabi ne, ba ya so ya ba da shawarar da za ta jefa wani cikin matsala. Ya ce kada in manta ƙarshen wata ne wa’adin maƙalar.

Ban ji haushinsa ba. Ni ma da haka zan ce, a watan jiya.

Lahadi, 14 ga Satumba, ƙarfe 6:10 na yamma

Inna Hafsatu ta shigo da kanta. Ba ta gaishe ni ba, ta zauna a bakin gadona tana haki.

Ta ce, “Ke kina ganin mu jahilai ne, ko? Muna shafa fari muna yaudarar kanmu.”

Na ce, “A’a, Inna.”

“Kin gani mana. Ni na fi ki sanin ruwan nan. Ba ni da tef, amma bara waccan a gwiwata yake, bana ya kai nan.” Ta dafa cinyarta. “Na san katangar ce. Ranar da suka fara zuba tubali ni na fara zuwa na yi musu magana, mai gadi ya ce in kauce kada tifa ta taka ni. Kafin a haife ki an yi wa Layin Masu Tukwane haka, can ƙasa da mu. Su ma wani mai hankali ne ya kai kuka a rubuce. Kin san Layin Masu Tukwane?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce, “To.”

Na ce, “Inna, idan muka zauna ruwan zai ƙaru. Wata rana zai zo da mutane suna barci.”

Ta ce, “Ruwa kwana ɗaya yake yi ya fita. Katafila in ta shigo ba ta fita. Ni shekarata saba’in da ɗaya, ina kike so in je? Ki zaɓar mini wanda zan iya.”

Da za ta tafi ta ce in miƙo mata hannu, ƙafarta ta yi tsami. Na miƙa. Ta riƙe ni har ƙofa.

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe 1:00 na rana

Na rubuta dalilai a takarda, gefe biyu. Gefen kada in sa hannu: guda biyar. Gefen in sa: guda ɗaya. Na daɗe ina kallonsu. Ƙidaya ba ta taimaka ba.

Talata, 16 ga Satumba, ƙarfe 2:45 na rana

Na yi alwala kafin mu fita zuwa kotu, ni da Yaya da lauyan, don na ɗauka za a ba ni Alƙur’ani in dafa. Duk hanya, daga bakin titi har muka wuce Abakpa, abin da ke cikina ke nan. Ba a kawo ba. Magatakardan yana cin gyaɗa, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Ke ce Aziza Datti? Kin karanta? Gaskiya ne?” Ya riga ya ɗaga hatimi kafin in buɗe baki.

Sakin layi biyar ne. Na uku ya ce alƙaluman ba su da alaƙa da wani gida ko wani rafi na zahiri. Akwai kuskure a na huɗu, an rubuta damina bakwai maimakon takwas. Na ce a gyara. Lauyan ya dube ni, ya ce, “Malama, damina takwas ɗin da ba a yi ba?” Aka bar shi bakwai.

Minti huɗu duka. Na duba agogo.

A Keke Yaya ya saya mini ruwan leda mai sanyi. Bai ce Farfesa ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, ƙarfe 11:00 na safe

Shiru. Saura huɗu. Gida na biyu sun tsaya da kwance tagogi, ba su mayar ba.

Asabar, 20 ga Satumba, ƙarfe 4:00 na yamma

An yi ruwa awa ɗaya da minti goma. Ya tsaya a dokin ƙofa.

Na tura wa Dakta saƙo cewa ba zan iya maƙalar ba. Duk jimlar da na karanta a babin gaskiya ce, na kuma bincika ban samu ko ɗaya da zan cire ba. Sai dai wadda ta rubuta shi ta ɗauka idan ka gane wa ke danne wa, ka yi rabin aiki. Ni na gane, Inna Hafsatu ta riga ni ganewa, mai jan fentin ma ina jin ya gane.

Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe 6:30 na yamma

Yau ce. Tun bayan asuba maza suna bakin gada, mata a ƙofar gida, kowa da ɗaurin kayansa a bayan ƙofa. Duk motar da ta rage gudu a titi sai layi ya yi tsit. Baba bai buɗe shago ba.

Ba su zo ba.

Juma’a, 26 ga Satumba, ƙarfe 5:15 na yamma

Takarda ta zo ta hannun lauya. An dakatar da umarnin har sai an sake bincike, saboda bayanan da aka dogara da su sun tabbata ba sahihai ba ne. Ni aka sa na karanta, a kan dakalin nan dai. Da na kai “ba sahihai ba” mata suka rangaɗa guɗa.

Mai unguwa ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ba ni miji nagari. Aka ce amin. Inna Hafsatu ta aiko da ɗanwake. Yaya yana ta ba mutane labarin yadda ƙanwarsa ta rikita kwamiti guda da tatsuniya, har wasu sun fara yarda cewa da ma tatsuniyar ce.

Layi na ƙarshe na takardar ban fassara shi ba, ba wanda ya tambaya. Ya ce duk wani ƙorafi da ya taso daga waɗancan bayanai an rufe shi.

Lahadi, 28 ga Satumba, ƙarfe 10:20 na safe

Na je sayen kayan miya, na bi ta gada. Tifa uku a sama da mu, suna sauke yashi da bulo a gefen yamma na rafin, daura da katangar. An kafa turaku an ja igiya. Na tambayi wani lebura, ya ce kashi na biyu na rukunin gidajen ne, za a fara da zarar ruwa ya ɗauke.

Na tsaya na ƙirga daga igiyar zuwa katangar da ido. Taku huɗu. Wataƙila huɗu da rabi.

Na sayo tumatir da albasa. Na manta attaruhu.

Lahadi, ƙarfe 5:40 na yamma

Bayan la’asar Baba ya kira ni zaure. Rabon da ya kira sunana tun ranar fayil. Ya tura ƙofar shago, abin da ba ya yi da rana.

Ya ce, “Kin bi ta gada yau?”

Na ce, “Na bi.”

“Kin ga igiyar?”

“Na gani.”

Sannan ya rage murya ya ce, “In suka gama wancan gefen, nawa kike ganin zai kai baɗi?”

Na ce, “Baba, ai na rantse ƙirƙira nake yi.”

Ya ce, “Wannan na kotu ne. Ni ubanki ne nake tambayarki.”

Na ce ba ni da tabbas, ya danganta da ruwan shekarar. Ya ce in faɗa dai. Na ce tsakanin talatin da biyar da arba’in. Zai iya fi.

Ya zaro tef daga aljihu, ya taka bakinsa da ƙafa, ya ja shi sama a jikinsa har arba’in. Ya wuce ƙugunsa. Ya daɗe yana kallon wurin da yatsansa ya tsaya.

Ya ce, “Gadon Ummanku zan ɗaga. Sai dai in yi masa matakala, gwiwarta ba za ta iya ba.”

Na ce, “Baba, Katabu fa?”

Ya saki tef ɗin ya naɗe kansa. Ya ce, “Miƙo mini fensir. Kuma kada ki faɗa mata don me.”